Robar da ke cin taya: gyaran ƙafar mota a ƙofar gida a Kusada

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Gidan Mutum Ɗaya, inda motocin Malumfashi da Funtuwa ke hawa babban titin Kano zuwa Katsina, ya san ƙarar. Golf ce za ta sauka daga kwalta ta taka gefen hanya, but a buɗe, an ɗaure buhuna da igiya, sai a ji "ƙwas" daga ƙarƙashin tayar gaba. Direba ya taka birki, a sake ji. Ya ba ta wuta, a sake ji. In an yi masa magana sai ya ce, "Ƙafa ce, ina lallaɓawa sai an samu sarari." Sararin kan ɗauki watanni bai zo ba, kuma kafin ya zo tayoyin gaba sun cinye ta ciki har waya ta leƙo.

Sau da yawa abin da ke wannan ƙarar bai kai dunƙulen hannu girma ba. Roba ce, makanikai na kiranta bushin, kuma tana cikin kayan mota mafi araha. Ita ce kuma, in ta mutu aka ƙyale ta, take jawo wa mai mota sayen taya da boljoyin, wani lokaci har da kwanan asibiti.

Tayar gaba ba a jikin mota take manne kai tsaye ba. Akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, a wasu motocin mai lanƙwasa, da ke kwance a ƙarƙashi, wanda a gareji ake ce wa lowa-am. Bakinsa na waje yana riƙe da gindin taya ta hanyar boljoyin, wato ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin kwasfa don taya ta iya bin sitiyari hagu da dama. Ƙafafunsa biyu na ciki suna ɗaure da ƙarfen da ke ɗauke da injin, kuma a nan bushin yake, ɗaya gaba ɗaya baya. Duk ramin da taya ta faɗa, lowa-am ya yi sama ya yi ƙasa. Duk birkin da aka taka, hanya ta ja taya baya, shi ya riƙe ta. Bushin shi ne guringuntsin wannan gaɓa: in yana nan ba a san da shi ba, in ya ƙare ƙashi ya fara cin ƙashi.

Abu ɗaya ne mai son yin aikin da hannunsa ya kamata ya riƙe, don sauran duk daga shi suke fitowa. Bushin ba ya juyawa. Ƙaramin bututun ƙarfe ne a tsakiya, a yawancinsu da wani babba a waje, roba kuma a tsakani, an gasa ta ta kama ƙarfen gam. Idan aka ɗaure noti, bututun ciki ya kafe a jikin mota, na waje ya kafe a jikin lowa-am. To in lowa-am ya motsa, robar ce ke murɗewa ta dawo, ta lanƙwashe ta miƙe. Babu abin da ke gogar wani. Shi ya sa ba ya neman giris, ba ya ƙara, ƙura kuma ba ta da ƙofar shiga.

Da ba haka abin yake ba. Gaɓoɓin motocin farko da ƙarfe da tagulla aka yi su, sai an riƙa bi ana ɗura musu giris a kai a kai, yadda har yau ake yi wa sifirin ɗin manyan motoci. Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar gasa roba da farar wuta a Amurka a 1844, amma sai tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu masu ƙera mota suka rungumi roba a mazaunin injin da gaɓoɓin ƙafa. Tsarin da ke gaban Golf da Corolla da Peugeot 406, inda shakazoba da sifirin ke tsaye wuri ɗaya, lowa-am guda a ƙasa, sunan injiniya Earle MacPherson yake ɗauke da shi, kuma Ford Consul ta Ingila ta fito da shi a 1950. Rashin tarkacensa ne ya sa ya cika duniya, shi ne kuma ya sa mutum zai iya taɓa shi a ƙofar gidansa.

A Turai bushin kan yi shekaru ba a waiwaye shi ba. A Kusada ba ya samun wannan hutun. Tun farko motar ta tsufa kafin ta iso: Golf 3 ta fara fitowa a 1991, aka daina ƙera ta kafin shekarar 2000, don haka 'yar autar da ke hanyar Kankiya a yau ta haura shekara ashirin da biyar. Sai zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ga tururin injin daga sama, ga na kwalta daga ƙasa, roba ta bushe ta tsattsage. Sai baƙin mai. Tsohon injin ba ya rasa yoyo, kuma man da ke ɗiga a kan roba yana jiƙa ta har ta kumbura ta yi laɓo-laɓo. Makaniken da ya ga bushin ɗin gefe ɗaya kullum shi ke riga ɗan'uwansa mutuwa, ya ɗaga kai ya duba abin da ke zuba a kansa.

Lodi kuwa shi ne babba. An yi Golf 3 ta ɗauki wajen kilo 500, har da direba. Buhun masara ɗaya kilo 100 ne. Da kaka, in aka jera buhu shida ko bakwai a baya, aka zaunar da fasinja biyu a kujerar gaba, motar ta ninka abin da aka yi ta dominsa ko ta kusa. Nauyin a baya yake, gaskiya, kuma robobin gadar baya su ke fara jin jiki, amma da zarar an taka birki gaba yake komawa, robobin lowa-am su ne za su tare shi. A haɗa da hanyoyin da ke saki kwalta su ratsa gonakin Mawashi da Dudunni da Kaikai, inda damina ke barin zaizaya, rani ya bar gargada, da tudun rage gudu da ake ginawa a bakin kowane gari, wanda direban da ke sauri ba ya gani sai ya hau. Dattawan tasha har yanzu suna kewar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta ci gasar Safari a Kenya. Ƙafarta doguwa ce, tana shanye rami. Motocin da suka gaje ta don titunan Jamus da Japan aka zana su.

Me ya sa mutane ke ƙara shiga ƙarƙashin mota da kansu? Aljihu ne. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin wannan shekarar, duk kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Direban da ke jigila tsakanin Kusada, Kankiya da Charanci yana lissafin mai, kuɗin tasha da balas ɗin mai mota kafin ya ga na cefane, yinin da ya ɓata a gareji kuwa asara biyu ce. Ga waya a hannu, YouTube cike da masu nuna yadda ake kwance kowace mota. Sai dai bidiyon a garejin siminti ake ɗaukarsa, da injin ɗaga mota da kayan aiki jere a bango, ba a tsakar gida mai rairayi ba.

Kafin a sayi komai sai an tabbatar da mai laifin, domin ƙafar mota masu ƙara suna da yawa. Mataccen bushin yana da alamunsa: bugu guda ɗaya mai nauyi lokacin taka birki ko tashi, mota tana yawo a kan miƙaƙƙen titi sai direba ya riƙa gyara sitiyari, tana fizgewa gefe in an taka birki, taya tana ci ta baki ɗaya. Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar ko sifana. Mutum ɗaya ya tsaya a gefe yana kallon tayar gaba, direba ya gangaro a hankali ya taka birki farat ɗaya. In taya ta yi baya cikin raminta kafin motar ta tsaya, bushin ɗin baya na lowa-am ya gama aiki. Bayan haka a ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: in akwai wasa, boljoyin ne ko boris. A kama ta hagu da dama: in akwai wasa, tayarod ne ya fi zama abin zargi. Sai a sa dogon ƙarfe tsakanin lowa-am da mazauninsa a ɗan banƙara, ana haskawa da tocila. Lafiyayyar roba takan ba da kai kaɗan ta dawo. 'Yan ƙananan tsage a fuskarta tsufa ne kawai, ba sa hana aiki. Wadda ta dare har ciki, ko ta rabu da bututun ƙarfen, ko irin mai ruwa a ciki da ta fashe ta zubar, wannan ba lallaɓawa.

Mafi yawan masu mota a wannan yankin Ƙofar Ruwa suke nufa a Kano, ko su aika direban haya ya sayo, in shagunan Kankiya da Katsina ba su da abin da ake nema. Can za a tarar da sabo a kwali, a tarar da ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai. Sabon ma hawa-hawa ne. Akwai na kamfanonin da aka sani, irin su Lemförder da Febi ga motocin Jamus, da boljoyin mai tambarin 555 ga na Japan, akwai kuma jabun da ya kwaikwayi kwalinsu har launi. Araha ba ta ado, kuma a nan wanda ya sayi mafi araha yakan kwance ƙafar sau biyu a shekara. Ɗan Beljiyam ƙarfensa na asali ne, shi ya sa makanikai ke yaba shi, amma robar da ke jikinsa sa'ar motar da aka ciro ta ce. A duba ta da ido da ɗan ƙarfe kafin a biya. A kuma tafi da tsohon a hannu, don na hagu da na dama sukan bambanta, kuma ko a Golf 3 lowa-am ɗin mai noti huɗu a taya ba ɗaya yake da na mai noti biyar ba.

Akwai hanya ta uku da kowa ya sani: bushin ɗin da ake fafewa daga tsohuwar tayar babbar mota. Sana'a ce sosai, daga Kano har Suame Magazine ta Kumasi, kuma masu yin ta gwanaye ne da wuƙa. Ga robar sandar sitabilaiza, ko ta idon sifirin ɗin a-kori-kura, yankan taya yakan fitar da mutum kunya. A lowa-am kuwa labarin daban ne. Ba a manne yake da bututun ba, don haka maimakon ya murɗe sai ya goge, ramin ya yi ta faɗi. Ya kuma fi na asali tauri, sai bugun da ya kamata roba ta shanye ya wuce ga boljoyin da jikin mota. Ya kai mota gida daga daji, wannan daidai ne. A bar shi ya yi damina, ba dabara ba ce. Cusa ledar fiyawata a cikin boljoyin da ya saki, ko buga masa walda, wannan kam ƙarar kawai yake ɓoyewa, ƙwallon na nan yana jiran ranar fita.

Ba kowace mota ce ta gida ba. Golf 3, Corolla da Pontiac Vibe, wadda ƙafar Corolla ce a ƙarƙashinta, suna da sauƙi, domin sifirin a kan shakazoba yake, ba ya danne lowa-am. Noti biyu a ciki, boljoyin a waje, shi ke nan, ko da yake a wasu masu giyar otomatik ƙusar gaba takan tokare da tukunyar giya sai an ɗan ɗaga injin. Camry da Sienna da dama sai an kwance mazaunin injin an ɗaga shi kafin a kai ga notin, aikin da ke cinye yini. Marsandi 190 da V-boot kuwa sifirin ɗinsu a kan lowa-am yake zaune, a matse da nauyin da ya isa ya karya muƙamuƙi, kuma in babu abin matse shi na musamman, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hiace ma, mai sandar ƙarfe da ke murɗe a madadin sifirin, ba ta gida ba ce. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ta yi suna a titunan Najeriya da durƙusawar taya, dalilinta a tsarin yake: nauyin motar ta kan lowa-am yake bi, yana jan boljoyin ɗin ƙasa kamar zai zare shi. In ya ci ya ƙare, ba ya dogon gargaɗi. Mai irin wannan motar kada ya taɓa canja bushin ya bar tsohon boljoyin bai gwada shi ba, kuma gwajin sai an tallafe lowa-am daga ƙasa an sauke masa nauyi, in ba haka ba wasan ba zai nuna ba.

Wurin da aikin nan ke kashe mutane ba a notin yake ba, a ɗaga motar yake. Jak ɗin da ke but don canjin taya aka yi shi, minti goma, ba wanda ke ƙarƙashi. Aikin lowa-am kuwa na ja da bugu da banƙara ne, motar tana girgiza, mutum yana kwance da kafaɗa a ƙarƙashin fiye da tan guda na ƙarfe. A ƙasa mai rairayi gindin jak yakan nutse ta gefe ɗaya a hankali, ba wanda ya lura, sai ya kife. Bulon siminti, wanda shi ne ya fi kusa da hannu a kowane gida, shi ne mafi muni, domin ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, rugujewa yake yi gaba ɗaya. Abin da ake so ƙafafun ƙarfe ne masu faɗin gindi da ake girke mota a kai, ana sayar da su, mai walda ƙwararre ma yana iya haɗawa da ƙarfe mai kauri. In babu, guntayen katako masu kauri da faɗi, a kwance ba a tsaye ba. A nemi wuri mai tauri da ba gangara, a shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin jak, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan tayoyin baya, tayar da aka cire kuma a tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Kafin kai ya shiga, a kama motar a jijjiga ta da ƙarfi. A kori yara, kuma kada a yi aikin gida ba kowa.

Shi kansa kwancewar ba ta da wani sirri. Motar da ta fito Turai takan zo da tsatsar gishirin da ake watsa wa titunansu lokacin ƙanƙara, don haka tun daren jiya a jiƙa notunan da man kwance tsatsa. A sassauta notin taya mota tana ƙasa. A ɗauki hoton komai da waya kafin a taɓa, a kuma yi gefe ɗaya a gama kafin a fara ɗayan, don wanda ba a kwance ba ya zama abin dubawa. A Golf 3 boljoyin da noti uku yake ɗaure a bakin lowa-am, ramukan kuma dogaye ne, sai a zana inda suke zaune da ƙusa kafin a kwance. Inda kan boljoyin ya cije a mazauninsa, gefen mazaunin ake bugu da guduma, ba kan zaren ba. Wanda ya bugi zare ya sayi sabo ko bai shirya ba. Kuma da zarar lowa-am ya saki, gindin taya zai so ya yi waje. A riƙe shi. In ya yi nisa zai zaro shaf daga giya, ya ja tiyon birki da wayar ABS, ƙaramin aiki ya haifi manya uku.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wanda ya sayi lowa-am sukutum da robobinsa ya huta, mayarwa kawai zai yi, kuma ga mai aiki a gida wannan ita ce shawarar da ta fi, musamman in tsohon ya tanƙware, ya yi tsatsa mai zurfi, ko boljoyin ɗinsa ba ya rabuwa da shi. Lowa-am da ya lanƙwashe ba a miƙe shi da wuta a mayar. Wanda kuma kuɗinsa na roba ne kaɗai, to ya shiga ɓangare mafi wuya, don bushin da ƙarfin tan-tan ake cusa shi a masana'anta. Manyan gareji suna da injin matsa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya kwance a gida, ya ɗaure ƙarfen a bayan babur ya kai a matsa masa. A gida ana yi da doguwar ƙusa mai zare, manyan wasa da guntayen bututu biyu, ɗaya yana tura bakin ƙarfen bushin, ɗaya yana karɓa ta baya, a yi ta ɗaure noti har ya shige. Tsohon da ya ƙi fita, a huda robar a cire tsakiyar, a zura zarton ƙarfe a yanka bututun waje daga ciki, a tsaya kafin zarto ya taɓa lowa-am, sai a naɗe shi da kurfi. Ƙona robar da wuta, wanda aka saba gani a bakin hanya, hayaƙinsa guba ne, zafin kuma yana rage ƙarfin ƙarfe. In na alminiyom ne ma ya tashi daga aiki.

A goge ramin da sanfefa. Irin bushin ɗin da roba ce zalla a waje, ruwan sabulu ake shafa masa, ba giris ko baƙin mai ba, don sabulu zai bushe ya bar shi a kafe, mai kuwa zai ci shi. Sai a kula da fuska. Bushin da yawa ba a cike suke ba, an bar musu ramuka da gangan don su yi laushi ta wata fuskar su yi tauri ta wata. Na bayan lowa-am ɗin Golf 3 yana da rami mai siffar ƙoda da 'yar kibiya a jiki, kibiyar kuma tana da alamar da take kallo a jikin ƙarfen. In aka juya shi, zai shiga lafiya lau, ya mutu cikin 'yan watanni, a zagi mai shago.

Kuskuren da ya fi yawa, har a garejin da ke karɓar kuɗi, a ɗaurin ƙarshe yake. Mota tana sama, taya tana reto, lowa-am ya sunkuya ƙasa iyakar sunkuyawarsa, sai a ɗaure notin ciki tamau. An kafe bututun a wannan matsayin ke nan. Da aka sauke mota nauyi ya hau, lowa-am ya tashi zuwa inda yake zama, robar ta murɗe tun motar ba ta motsa ba, haka za ta kwana, haka za ta yini a rana. Kowane rami kuma ya ƙara mata murɗa a kan murɗa, har ta yage. Mai mota ya ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci gaskiyarsa ne, amma sau da yawa bushin ɗin tun ranar da aka sa shi aka kashe shi. Yadda ake yi shi ne a ɗaura notunan sama-sama, a mayar da taya, a sauke mota, a danna ta sau biyu-uku ta zauna, sannan a ƙarasa ɗaurin tana kan ƙafafunta. In hannu ba ya shiga, a hau da tayoyin gaba kan faffaɗan katako mai kauri, ko a je ramin wankin mota. Wasu kan sa jak a ƙarƙashin bakin lowa-am su ɗaga shi har nauyin motar ya hau kansa, su ɗaure a haka. Yana yi, in ƙafafun ƙarfen na nan a wurinsu.

Ƙarfin ɗaurin ma yana da ma'auni. Notin tayar Corolla niyutan-mita 103 yake so, na Accord 108, na Golf 3 kuwa 110. Niyutan-mita 100 kusan daidai yake da a rataya kilo goma a bakin sandar da ta kai mita ɗaya, ko kilo ashirin a rabin mita. Ƙaton da ke da kilo 70, in ya zura bututu mai mita guda a sifana ya hau da ƙafa, ya kusa ninka wannan sau bakwai, ƙusar kuma ta miƙe ko ta tsinke a ciki. Kowace ƙusar lowa-am tana da nata adadin a littafin motar, kuma sifana mai awo, ko ta aro ce, ta fi ƙiyasin dantse. Volkswagen ma wasu ƙusoshin ƙafa sau ɗaya ya yarda a ɗaura su, in an kwance sai sababbi. Notin boljoyin mai tsaga a ka, fil ɗinsa ake sa masa sabo a lanƙwashe bakin, ba ƙusar kafinta ba. A canja hagu da dama tare, don sabuwar roba a gefe ɗaya da ruɓaɓɓiya a ɗayan suna sa mota fizga in an taka birki.

Saura alaimen, wato saitin taya, wanda mutane ke tsallakewa saboda motar ta yi shiru, sitiyari ya yi daɗi. Duk lokacin da aka taɓa lowa-am, bakin taya ya gusa, ko da ido bai gani ba, balle in a baya an saita ta a kan matattun robobi. Lissafin ba shi da wuya. Tayar da ta karkace da rabin digiri kacal tana jan gefe kusan mita tara a kowane kilomita. Daga Kano zuwa Katsina, wajen kilomita 170, an ja ta a kaikaice kusan kilomita ɗaya da rabi a kan kwalta mai zafi. Ana iya rage ɓarna a gida da zare: a ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba a tsayin tsakiyar rim, sitiyari a miƙe, a auna tazarar zaren da bakin rim na gaba da na baya, a gyara da tayarod har su kusa daidaita. Wannan ya isa ya kai mota wurin masu na'ura a Katsina ko Kano, amma ba ya maye gurbinsu, don zare ba ya ganin jinginar taya ciki ko waje.

Bayan tafiyar farko, ko zuwa Kankiya da dawowa ce, a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya, har da na taya. In bugun mai nauyi ya tafi amma an bar wata 'yar ƙara mai sauri-sauri a kan gargada, galibi linkej ɗin sitabilaiza ne, noti biyu kawai ke riƙe da shi. In kuma ƙarar daga sama take, kusa da gilashin gaba, musamman lokacin murɗa sitiyari mota tana tsaye, mazaunin kan shakazoba ne. Shi kam sai an matse sifirin kafin a kwance notinsa, aikin gareji ne.